Na Waje Ba Ya Ba Da Umarni

Na je ɗauko 'yata daga ofis da yamma, na tarar tana kuka. Manhajar da ke adana tarihin aikinta ta ƙi karɓar umarni, kuma in ba ta miƙa aikin gobe ba, kora ce.

Wani tsoho mai warin toka ya leƙo ta taga ya yi tsaki.

"Karatun banza. Kina wajen foldar aikin a kwamfutar, yarinya. Manhajar ta duba foldar da kike, ta duba na sama da ita, ba ta ga rumbun ajiyarta ba. Na waje ba a jin maganarsa. Shiga ciki, ni ma ki ce in shigo."

Na ce, "Ƙazami kawai, wuce ka ba mu wuri!"

'Yata ta damƙe hannuna. "Baba, a hawa na shida muke."