Kwalbar Man Sauro

Daminar 1961 sauron Maiduguri ya hana kowa sakat. Shi ya koro Kellu daga unguwar Shehuri har Kasuwar Kwastam, shagon maganin Alfred, hannuwanta duk tabon susa. Mai shagon ba ya nan, sai Madu, saurayin da ke tsare masa kanta.

"Wushe," ta gaishe shi da Barbarci, kanta a ƙasa. "Zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyata. An ce kuna da abin da sauro ba ya so."

Madu ya ɗauko wata 'yar kwalba. Sunan man da ke ciki sitiranela, in ji shi, amma man sauro mutane ke ce masa. Ƙamshinsa kamar an murza ganyen lemo.

"Ki saurara da kyau. Ba a sha, ba a kai shi kusa da ido, ba a barin sa inda yara za su kai hannu. Kuma ba a shafa shi tsura. Ki ɗiga kaɗan cikin man gyaɗa mai yawa, ki gwada a bayan hannu tukuna."

"To, malamin sauro, na ji."

Sai a nan ta ɗago ido. Bawan Allah ya shiga laluben murfin kwalba, alhali yana riƙe da shi.

Gidansu Kellu ya samu barci, uwar ta warke. Kwalbar dai ta riƙa ƙarewa da wani irin sauri, har Agnes matar Alfred ta fara yi wa Madu dariya duk lokacin da ta hango mayafin Kellu.

Da Madu ya aiko neman auren Kellu, mahaifinta Malam Ba'ana bai so ba. Ransa na kan ɗalibinsa Garzali, kuma ya ce shi bai yarda da mai sayar da abin da ba a san asalinsa ba. Uwar Kellu ta yi ta lallashi har ya amince, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, kowa kuma ya san haka.

Da aka zo haɗa kayan aure, Madu ya cusa sabuwar kwalbar man sauro a cikin turaruka, don Kellu ta gani ta tuna ranar farko ta yi dariya. So ya mantar da shi cewa amarya ba ta buɗe kayanta. Turarukan gaba ɗaya aka kai wa gwaggonta, Ya Zainaba, wadda za ta yi mata dilka, gyaran jikin da ake yi wa amare.

Da hantsi aka murje Kellu tun daga goshi har ƙafa, aka lulluɓe ta da bargo a kan kaskon turaren wuta. Da gumi ya karyo, sai ta ji wani ƙamshi da ta sani yana tasowa ta ƙarƙashin na sandal.

"Ya Zainaba, me kika zuba a dilkar nan?"

"Sabon turaren angonki mana. Duka na juye, ai ba a yi wa amarya rowa."

Kellu ta wurgar da bargon. Fatarta ta ɗauki raɗaɗi kamar an watsa mata barkono, gumin ya gangara cikin idanunta. Kafin Agnes da aka aika a kira ta iso da gudu, idanun sun kumbura sun rufe. Agnes ta yi ta kwarara musu ruwa, ta wanke jikin da sabulu, aka ɗauke ta sai asibiti. Likita ya naɗe idanun, ya ce ba zai iya faɗin komai ba sai kumburi ya sauka.

A tsakar gida mata suka fara raɗa, wai sammu ne. Malam Ba'ana ya sa aka mayar da akwatunan kayan auren zuwa gidan su Madu.

Tsoro ya hana Madu cin abinci. Ba shi da izinin ganin ta, sai Agnes ta zama bakinsu.

"Ta ce in gaya maka ba ta ganin komai. Ta ce duhun bai ba ta tsoro kamar a ce ka gudu ba."

Madu ya share hawaye. "Ki ce wa Kelluna laifina ne, ni kaɗai. Ko idon ya buɗe ko bai buɗe ba, ni dai ina nan."

Bayan la'asar Alfred ya raka shi zauren Malam Ba'ana. Madu ya durƙusa, ya ajiye kwalba da kwanon man gyaɗa.

"Baba, ba sammu ba ne. Man da ya kori sauro a gidan nan ne, ganganci na yi ban faɗa ba."

"Wanda muka yi ta shafawa bai ƙona kowa ba," in ji Malam, bai ko dube shi ba.

Madu ya ɗiga kaɗan a cikin man gyaɗar. Ya shafa gaurayen a hannun dama. Ya tuttula tsuran a na hagu ya murza da ƙarfi, ya kara shi a kan garwashin shayin Malam, yadda aka yi wa Kellu.

"Madu, kai ba ka da hankali ne?" Alfred ya ce, ya kai hannu zai janye shi. Ya ƙi.

Hannun dama bai yi komai ba. Na hagu ya yi ja, ya fara tashi, amma Madu bai ɗauke ba.

"Ya isa," in ji Malam Ba'ana.

Madu bai motsa ba.

"Na ce ya isa, ɗana." Da kansa ya ɗauki butarsa ya tsiyaya masa ruwa.

Ranar da za a kwance idanun, gidan babu wanda ya hura wuta. Likita ya warware ƙyallen a hankali. Kellu ta daɗe tana ƙifta ido.

"Ya Zainaba," ta ce, "ɗankwalinki a karkace yake."

Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam Ba'ana da kansa ya aika a dawo da akwatunan. Amarya ta tare da ɗan tabo a kuncin hagu, kuma babu wadda ta yi ƙarfin halin cewa a sake mata dilka.

Da 'yan rakiya suka watse, Kellu ta naɗe wa Madu hannun riga, ta daɗe tana duban wurin ƙunar.

"Malamin sauro, ba kai ka ce ba a shafa shi tsura ba?"

"Ni na ce."

"To me ya kai ka?"

"Ban ga dalilin da za ki sha zafin nan ke kaɗai ba."

Ta ɗora kuncinta mai tabo a kan hannun, ta rufe idanun da Allah ya mayar mata, wannan karon don son ranta. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa wannan ne tsoro na ƙarshe da za su gani.