Abin da Tasi'u Ya Ƙone a Kwalbar Bireka

Ku matso, ku rage murya. Wanda ya yi dariya, ba ruwana.

Tasi'u ma'aikaci ne a wata tashar rarraba wuta da ke bayan gari. Gwani ne, sai dai gaggawa kamar an biyo shi. A tashar akwai bireka, na'urar da ke yanke wuta. Cikinta kwalba ce da aka zuƙe wa iska tas, da leɓɓa biyu na jan ƙarfe a manne. Idan aka raba su, wutar ba ta yarda ta mutu nan take. Sai ta ci ƙarfen, ta mai da shi tururi, ƙwayoyinsa masu caji su yi ta gudu daga leɓe zuwa leɓe. Da ƙarfinta ya faɗi, sai su watse su manne a bangon kwalbar.

Tsofaffin ma'aikata sun ce wurin da babu iska ba ya rasa mai shi. Don haka kafin a yanke, sai a ƙwanƙwasa ƙarfen, a yi bisimilla, a ce, "A gafara." Kamar dai mai zubar da ruwan zafi a tsakar gida.

Ran nan da rana tsaka aka yi wa Tasi'u waya, matarsa tana naƙuda. Haihuwar fari, bayan shekaru ana jira. Saura layi ɗaya ya yanke ya tafi. Bai ƙwanƙwasa ba, bai ce uffan ba. Ya danna.

Ƙwas! Sai shiru.

Yana juyowa ya ga mace a cikin shingen tashar, ƙofa kuwa a kulle. Tana tahowa a kan tsakuwa, amma tsakuwar ba ta motsi.

"Baiwar Allah, nan ba a shigowa."

"Gidana ne." Muryarta gunji take a ƙasa-ƙasa, irin na taransifoma. "Ka yi sallama?"

Tasi'u ya ja da baya. Ta nuna birekar.

"Jaririna na kwantar a cikin kwalbar, saboda wurin shiru ne. Da ka ƙwanƙwasa, da na ɗauke shi."

"Wallahi ban sani ba. Matata ce..."

"Na sani. Namiji ta haifa."

Tasi'u ya zube a gwiwa. Tsoro ya kama shi, ba don kansa ba. "Ki ɗauke ni. Ki bar yaron."

"Zan bar maka shi. Ni ba a bar min ko ƙashi ba, yana can shafe a bango." Ta sunkuyo, numfashinta na warin ƙonannen ƙarfe. "Ya yi kuka, ka sani? Ina kallon bakinsa. Amma inda babu iska, kuka ba ya fita."

Tasi'u ya ɗago kai, babu kowa.

Ya isa asibiti da gudu, aka tarye shi da barka. Yaro ƙato, lafiyayye. Aka miƙa masa. Jaririn ya taƙarƙare, fuska ta yi ja, baki a wangame, haƙarƙari na sama da ƙasa. Ko ɗigon sauti babu.

Likitoci sun duba maƙogwaro, sun ce ƙalau yake. Yaron ya girma, yana ji, yana ganewa, amma sauti bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ranar da ya faɗa rijiyar da ke bayan gidansu, uwarsa na tsakar gida tana tankaɗe, Tasi'u na alwala a bakin ƙofa. Bango ɗaya ne tsakaninsu da shi. Sai da magariba aka leƙa, aka ga gawarsa.

To, kun ji. Kada ɗayanku ya bi ta bayan tashar nan shi kaɗai da rana tsaka. In kuwa dole ta sa, ya yi sallama da ƙarfi.