Wanda Aka Fara Ba Wa Nono

Ranar Talata ce, ƙarfe shida da rabi na yamma, matar tela ta ajiye bokitin wanki a bakin ƙofa, ta goge hannu da gefen zane, ta nufi ɗaki don ta tashi jaririnta ya sha nono.

Wannan aiki ya fi mata wankin wuya. Yaron ya zo kafin lokacinsa, ɗan mitsitsi, fata ta yi masa yawa, kuma barci kaɗai ya iya. Ranar da za a sallame su daga asibiti, nas ta zaunar da ita ta koya mata. Kada ta jira kuka, domin irinsu ba su da ƙarfin yin kuka, cikin barci yunwa take cinye su. Ta buɗe masa zane ya ji iska, ta shafa bayansa, ta sosa tafin ƙafarsa. In bai motsa ba, ta jiƙa tsumma ta goga masa a goshi. Haka take yi kullum, har babban yatsanta ya haddace ɗan ɓawon ciwon da ke dunduniyarsa ta hagu, inda aka ɗebi jini. Bayan duk wannan wahala sai ya ɗan tsotsa, ya saki, ya koma.

Yayar telan, wadda kowa ke kira Yaya, ta zo taimako, amma bakinta ya fi hannunta aiki. Ita ta laƙaba wa yaron Sarkin Barci.

"Ya ɗanɗana ne ya ji babu daɗi," in ji ta da rana. "Namu tun daga bakin titi ake jin kukansu. Ke ko cikakken ɗa kin kasa haifa."

Tela yana ji daga shagonsa da ke gaban gidan. Sai ya ƙara taka keken ɗinki.

Shi ya sa da la'asar, a bakin famfo, matar tela ta sunkuya kan bokiti ta faɗi maganar da ba ta kai zuci ba. "Da ma mai ci aka ba ni, ko da ba zai taɓa runtsawa ba." Ba kowa a wurin. Ruwan da ke gangarawa kwata ne kawai ya ɗan tsaya, kamar mai sauraro, sannan ya ci gaba.

Yanzu ga ta a ɗaki. An ɗauke wuta, sai ɗan sauran hasken magariba ta taga. Ɗakin ya saba da ƙamshin hoda da sabulu. Yau akwai wani wari a ƙarƙashinsu, na jiƙaƙƙiyar toka da ruwan kwata.

Ta ɗaga gidan sauro.

Jarirai biyu ne a kan gadon. Zane iri ɗaya, hula iri ɗaya, fuska ɗaya.

"Na ji ki ɗazu," in ji wata murya a bayan ƙofa.

Mace ce a tsugune, gwiwoyinta sun wuce kunnuwanta. Gashinta yana ɗigar ruwa. Idanunta jajaye, irin na wadda ta manta rabonta da barci.

"Nawa ba ya barci, naki ba ya ci," ta ce cikin raɗa. "Na gaji, 'yar'uwa. Wanda bakinsa ya fara kama nononki yanzu a cikinsu, shi ne naki har abada."

Matar tela ta juya ga gadon. Ta kai hannu, ta laluba ƙafar na kusa da ita. Sumul, sanyi kamar ƙarfe. Tana taɓawa idanunsa suka buɗe tar, ya dube ta irin kallon babban mutum, ya tsala ihu.

Ta laluba na jikin bango. Ga ɓawon ciwon nan ƙarƙashin yatsanta.

Ta sunkuce shi, ta zauna a bakin gado, ta buɗe masa zane.

"Tashi, ɗana. Tashi, babana."

Kansa ya langaɓe a hannunta. Ta shafa bayansa. Ta sosa tafin ƙafarsa. Yana numfashi a hankali, hankalinsa kwance.

Ɗayan yana ta ihu. Jikin mai jego kuwa bai san ɗan wani ba. Nono ya kawo, ya jiƙa mata riga, yana ɗiga a cinyarta. Mai ihun ya juyo da kai, hancinsa yana motsi.

Daga tsakar gida Yaya ta ɗaga murya. "Kai! Sarkin Barci ne da wannan maƙogwaro? Ke, kurma ce?"

Babu tsumma kusa. Ta tsoma gefen zanenta cikin kofin ruwa, ta goga masa a goshi. Ya yamutsa fuska. Ta goga nonon a leɓensa.

"Don Allah, babana. Sau ɗaya kawai."

Keken ɗinki ya yi shiru. Takun silifas yana matsowa.

Leɓen ya motsa.

Ɗan bakin ya fara buɗewa.

Ƙofa ta bugu da bango. Yaya ta shigo da tocila, ta haska gado, ta haska cinyar matar ƙaninta. Abin da idonta ya nuna mata shi ne jariri yana shiɗewa da kuka a kan gado, uwarsa kuma ta rungume dunƙulen zane tana masa magana.

"Lalle kin haukace! Yau da Allah ya buɗe masa baki, yau za ki kashe shi?"

"Yaya, ba shi ba ne! Ki duba ƙafarsa! Ga nawa nan, ya kusa..."

Yaya ta fizge zanen ta jefar bayan ƙofa. Ba a ji faɗuwarsa ba.

Ta ɗauko mai ihun, ta danne kafaɗar mai jego da gwiwar hannu, ta cusa masa nonon a baki.

Ya kama.

Zafin ya ratsa matar tela har ƙashin baya. Ta ture, ta yi kokawa, ta kira mijinta. Tela ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga ɗansa yana zuƙa, ana jin haɗiyarsa, sai ya yi murmushin da rabonsa da shi tun ranar haihuwa.

"Riƙe mata hannuwa," in ji Yaya. Ya riƙe.

Ta saman kafaɗarsa matar tela ta ga doguwar macen ta miƙe har kanta ya taɓa rufi. Ta gyara wa abin da ke hannunta zane, ta rufe 'yar ƙafar da ta leƙo.

"Kai, ji shiru," ta ce, ta bi ta jikin bango.

Sai da gari ya waye yaron ya saki nono, aka kwashi uwar a sume zuwa asibiti. Da ƙyar aka ceto ta. Nas ta auna jaririn ta yaba, ta ce hannun Yaya akwai albarka. Ba wanda ya duba dunduniyarsa, domin duk wanda uwar ta roƙa sai ya dubi tela, tela ya dubi ƙasa.

Bayan kwanaki, da magariba, tana bakin famfo, ruwan kwata ya sake tsayawa.

"'Yar'uwa," in ji muryar. "Har yanzu bai tashi ba. Ya fara yin sanyi. Yaya kike yi ne?"

Ta durƙusa, ta sa baki a bakin kwatar, ta faɗa mata duka, dalla-dalla, yadda nas ta koya mata: zane, baya, tafin ƙafa, jiƙaƙƙen tsumma. Ta roƙa a miƙo mata shi ko sau ɗaya ne ya sha. Ruwan ya ci gaba da gudu. Muryar ba ta ƙara dawowa ba.

Waɗanda suka rage a gidan su ne tela, wanda ya koma kwana a shago saboda ihun dare. Da Yaya, wadda take ba kowa labarin yadda ta ceci ɗan ƙaninta. Da wani yaro ƙato mai sumul ɗin dunduniya, wanda ba a taɓa ganin idonsa a rufe ba. Sai matar tela, da ta koma ƙashi da fata, wadda kowace magariba take durƙusawa a bakin famfo tana cewa a buɗe masa zane tukuna, a bari ya ji iska.