Abu Ɗaya a Gida Biyu

Ranar da ta fara shigowa ɗakin aikin, ta tsaya a bayan kujerarsa ta ce, "Malam, kai ne ka dawo mini da gyarana saboda waƙafi ɗaya?"

Shi ne kuwa. Su biyun suna cikin masu gina wata manhaja ta kowa da kowa, wadda ke sa kwamfuta ɗaya ta ɗauki wasu kwamfutoci a cikinta. Shi ke kula da sashen faifai, ita sashen sadarwa. Tun ranar ta raɗa masa Mai Waƙafi, shi kuma yake kiranta Injiniya.

Ita ta gano layuka ɗari uku na rubutun manhajar iri ɗaya a sassansu biyu. Kuskuren da aka gyara a nan sai ya ci gaba da ɓarna a can. Wata uku suka yi suna haɗe su wuri guda. Ranar da gwaji ya wuce lafiya, ya rubuta saƙo, ya goge sau shida, sannan ya tura:

"Injiniya, saura abu ɗaya da ke zaune a gida biyu. Ina neman izinin haɗewa."

"Ban ga kuskuren waƙafi ba. Na amince. Saura sa hannun Baba."

Mahaifinta tsohon mai gyaran wuta ne, kuma bai gamsu ba. Ranar da Mai Waƙafi ya je gaishe shi, sai ya jefo masa tambaya.

"Bayan wata ukun, me manhajar take yi wanda da ba ta yi?"

"Babu, Baba."

"To ba zan ba da 'yata ga mai aikin da ba a gani ba."

Mai Waƙafi ya ɗaga kai. Ya dubi bango, inda wayoyi suka miƙe reras, ya daure ya ce, "Baba, na ji bara kun kwance wayoyin gidan nan kaf kun sake ja. Fitila ta ƙara haske?"

"Ina fa! Tana nan yadda take."

"To me ya sa kuka wahala?"

"Don kada gida ya kama da wuta, kuma wanda zai taɓa bayana ya gane..."

Daga ƙofar falo Mama ta saki dariya, ta dubi mijinta. "Malam, ƙarasa mana!"

Baba ya gyara zama, yana ɓoye murmushi. "Je ka turo manyanka."

A katin ɗaurin aure an manta waƙafi ɗaya. Ango ya gani sarai, ya dubi amaryarsa, ya bar shi haka nan. Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya albarkaci gidansu guda.