Wanda Ya Jefa Kunkuru a Rijiya

Da hantsin Asabar aka tsamo Kunkuru daga rijiyar filin da za a gina ɗakin shan magani a Daudawa. Sunan da mutanen gari suka raɗa wa na'urar ke nan, don gajeriya ce mai tafiya a hankali bisa tayoyi, tana fesa shuɗin fenti inda za a haƙa harsashin gini. Abin da magina ke kwana uku suna yi da igiya da toka, ita kafin azahar ta gama.

Saje Gide ya iso daga Faskari bisa babur, bayansa na ciwo, ko karyawa bai yi ba. Ya tarar har an tsare Baba Mamuda magini a zauren mai gari, ana jiran Litinin a kai shi kotu. Alhaji Yahya, wanda ya sayar da filin, shi ke tsaye bakin rijiya yana jan carbi yana bayani.

"Yallaɓai, ba sai ka wahala ba. Abin nan ya karɓe wa Mamuda aiki, kowa ya ji shi yana zaginsa."

Saje ya duƙa. An lulluɓe gaban na'urar da buhun taki, an ɗaure tamau. Bakin fentin ya fashe.

Injiniya Sa'adiya, mai kula da aikin, ta ce jiya Juma'a ne Kunkuru ya ɓace, lokacin da maigadi ya tafi masallaci.

"Me ke ƙarƙashin buhun?"

"Fitila ce kawai, mai nuna yana kunne. Ba ya gani, ba ya awo. Wancan mai ƙafa uku da ke cikin rumfa shi ke awo, zanen kuma yana cikin wayata. Shi dai inda aka ce ya bi yake bi."

"An taɓa mai ƙafa ukun?"

"Ko kusa."

Ta ƙara da cewa ranar Alhamis Kunkuru ya tsallake gambar da ke iyakar gabas, ya shiga masarar wata tsohuwa. Ta ɗauka kuskure ne, ta tsayar da shi, ta ce yau za a sake awo gaban mai gari.

Hajaratu, mai masarar, tana shanyar kuɓewa Saje ya same ta.

"Inna, an ce kin yi wa Kunkuru baki."

"Na yi, zan ƙara. Ya take mini kunya shida. Amma ɗan nan, dubi hannuwana. Tulu ma sai an ɗora mini."

Mutum biyu ne suka jawo Kunkuru da kyar daga rijiya. Saje ya yi mata sallama.

A zaure, Baba Mamuda ko kai bai ɗaga ba.

"Na zage shi, Yallaɓai. Shekara arba'in ina jan igiya, yau ni ke riƙe wa ƙarfe laima. Amma da ɓarna nake so, mai ƙafa ukun zan ɗauka. Kwana huɗu ina tsaye kusa da su, na san wane ne maigida, wane ne bara."

"Jiya ina ka yi sallah?"

"Sahu na biyu. Tambayi liman. Har na ga gurbin Alhaji Yahya a gaba ba kowa."

Saje ya fito daga zaure. Ya koma fili, ya sa Injiniya ta kafa mai ƙafa uku, ta riƙe sanda da wayarta, ta taka hanyar da Kunkuru zai bi. Jama'a na kallo ta wuce gamba, ta kutsa cikin masara taku goma sha biyu kafin ta tsaya.

"Nan takarda ta ce fili ya ƙare."

"Alhaji, da me aka auna filin nan ranar ciniki?" in ji Saje.

"Da igiyata. Ƙafa ɗari ce cif."

Aka aika aka ɗauko ta, aka fito da Baba Mamuda ya shimfiɗa ta bisa ma'auninsa. Ƙafa tamanin da biyar.

"Igiya ai tana tsukewa da damina," in ji Alhaji.

"Ara mini carbinka."

Alhaji ya miƙa ba da son ransa ba. Saje ya ware 'ya'yan carbin. Zaren ya rine shuɗi.

"Ka wanke hannu, ka canja riga, ka manta da wannan," Saje ya faɗa a gajiye. "Ka sayar da filin da ya haɗa da gonar Inna. Ka san yau Kunkuru zai nuna haka gaban mai gari. Ka jira gari ya tafi masallaci, ka tura shi bisa tayoyinsa zuwa rijiya. Har ka rufe masa fitila don kada ya gan ka ya faɗa. Wanda ya yi aiki da shi ba zai yi haka ba. Sai wanda daga nesa kawai yake kallonsa."

Alhaji ya zauna bakin rijiyar, ya cire hula.

"Na zaci awon a cikinsa yake," ya ce a hankali.

Saje ya sa shi ya hau bayan babur. Yana ƙoƙarin tayarwa ya ji Injiniya na cewa sai bayan wata uku za a samo wani Kunkurun, ga damina na tafiya.

"Baba, ko za ka zana mana?"

Baba Mamuda ya kakkaɓe rigarsa da ta kwana a ƙasan zaure. Ya daɗe yana duban shuɗin layin da ya shiga masarar Hajaratu.

"Ki sa mata su tara mini toka," ya ce. "Igiya kuwa, da tawa zan zo."