Masu Rufe Fuska a Ɗakin Trina

Effie Pardy ta dire tukunyar miyar kifi a kan tebur da ƙarfi, har murfin ya yi tsalle.

"Mama, a hankali mana," in ji ɗanta Leander cikin raɗa. "Trina na kwance."

"Yaushe ne ba ta kwance? Dubi gidanka, tsakar rana amma sai da fitila!"

Da gaskiyarta a nan. A ƙauyenmu na bakin teku a Newfoundland, ba a sauke labule da rana sai an yi mutuwa. Gidan Leander kuwa labulayensa baƙaƙe ne masu kauri, kuma tun bara ba a ɗaga su ba. Baƙo in ya wuce sai ya cire hula. Yara kan tsallaka ɗaya gefen hanya.

Trina, matar Leander, malamar makaranta ce, mai dariya da son rawa. Zazzaɓi ta yi bayan aurensu, zazzaɓin ya tafi, ƙarfinta ya bi shi. Haske na sukar idonta, ƙarar cokali na sara mata kai. In ta yunƙura ta wanke kofi yau, gobe ba ta iya ɗaga hannu. Likitoci suna da dogon suna ga ciwon, mu dai M.E. muke cewa.

"Kuma wannan nas da ke zuwa tana zuƙe mata jini a kwalba," in ji Effie, "ina ake kai shi?"

Leander ya ce, "Wani Norway, wani Ingila, wani nan Kanada. Likitocin ƙasashen ne suka haɗa kai, kowa na duba nasa ɓangaren."

"Sun ba ta magani?"

"Tukuna. Nema suke yi."

"To ka ji! Asibitinmu sun ce jininta lafiya lau. Son jiki ne, yaro. Ka mayar da ita gun iyayenta, ka koma jirginka na kamun kifi. Mata ba su ƙare ba."

"Haba Mama! Don Allah ki bari. Ba inda za ta."

"Za mu gani," in ji Effie. Ta ɗauki kwat ɗinta, ta buga ƙofa.

Leander ya shiga ɗakin da safa a ƙafa. Ya tarar da hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin ƙyallen da Trina ke rufe ido da shi.

"Na ji komai," in ji ta. "Sori, masoyi. Da ka bi maganarta ka huta."

"Shiru, malama. Kar ki ɓata ƙarfinki a kan shirme."

Kirsimeti ya zo. A kwanakinsa muna da al'ada: mutane su sa rigar filo a ka, su huda wurin ido, maza su sa kayan mata, mata su cusa tsumma a kafaɗa, su bi gida-gida suna kiɗa da rawa. Suna magana ne suna jan numfashi ciki don murya ta sauya. Mai gida sai ya canki kowa. Wanda aka kira sunansa dole ya buɗe fuska.

Effie ta tara ƙawayenta. Ta ce musu lokacin da teku ta cinye ƙanen mijinta, masu rufe fuska ne suka tayar da mijin daga kwanciyar baƙin ciki. "Wannan ma in ta ji goge za ta miƙe. In kuma wasa take, yau asirinta zai tonu."

Ta jira har Leander ya tafi gari sayen maganin rage raɗaɗi.

Rana na faɗuwa Trina ta ji takun ƙafafu a kan ƙanƙara. Sun yi yawa, kuma ba mai magana. Ƙofar gida ta buɗe, sanyi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar ɗaki. Sai ƙwanƙwasa.

"Ana karɓar baƙiii?" in ji wata murya siririya, kamar ta wanda ake shaƙewa.

Ba su jira amsa ba. Aka kunna fitila. Trina ta zame ƙyallen, ta ga fararen kawuna marasa baki sun kewaye gadonta, ramukan ido baƙaƙe suna kallonta. Wani doro a baya, wani takalmi a hannu. Goge ya ɗauka, sanda mai murafen kwalba ta shiga dukan daɓe, gado na girgiza.

"Tashi, amarya! Tashi ki taka!"

Ɗaya daga cikinsu, mai rigar masunta, ta kamo hannunta ta ja ta zaune. Ɗakin ya juya. Trina ta so yin ihu, muryar ta ƙi fita. Amma ta san yatsun nan masu kaushi, sun taɓa daidaita mata lulluɓi ranar aure.

"Mama Effie," in ji ta da ƙyar. "Ke ce."

Goge ya tsaya. Al'ada al'ada ce. Effie ta cire rigar filon tana shirin dariya, sai ta ga abin da ke gabanta ba ta cikin ƴan ramuka ba. Fuska ce fara fat, leɓe ya yi shuɗi-shuɗi, hannun da take riƙe da shi bai fi sandar tsintsiya ba. Kan Trina ya langaɓe a ƙirjinta kamar na jariri.

"Ku kashe fitilar nan!" in ji Effie. "Ku fita!"

A ƙofa Leander ya ci karo da su, suna fitowa sumui-sumui da fuskokinsu a hannu. Bai yi ihu ba, don ihu ma ciwo ne a gidan. Ya dubi uwarsa kawai.

"Kin gani, Mama? Hankalinki ya kwanta?"

Daga ranar Trina ta daina magana. Ba ta iya tauna, sai ruwan miya a cokali. Ko taɓa ta aka yi sai ta yi nishi. Gidan ya yi tsit har ana jin numfashinta daga kicin, wani lokaci kuma ba a ji, sai Leander ya tsaya cak da kofi a hannu yana saurare.

Effie ta dawo washegari. Ta cire takalmi a waje, ta zauna a ƙasa bakin ƙofar ɗakin. Ba wanda ya ce mata zauna, ba wanda ya ce tafi. Haka ta riƙa yi kullum.

Da nas ɗin ta zo, Effie ta tare ta a kicin. "Ƴata, gaya mini gaskiya. Ni na kashe ta?"

"Ba ta mutu ba, Mama. Haka ciwon yake, in aka tilasta wa jiki sai ya rushe. Akwai irinta a ƙasashe da yawa, kowa a ɗaki mai duhu, kowa da dangin da ba su yarda ba."

"Me zan yi?"

"Masu binciken suna buƙatar jinin mata masu lafiya daga gari ɗaya, don su gwada da nata su ga bambanci. Ba wadda ta yarda a nan."

Effie ta naɗe hannun riga. "Ɗebi. Kuma ki dawo da kwalabe da yawa, akwai wasu tsofaffin banza da suka iya rawa, su ma za su bayar ko sun ƙi ko sun so."

Sun bayar kuwa.

Sai da ƙanƙara ta narke Trina ta sake magana. Leander ya koma teku rabin yini, don yanzu akwai mai zama da ita. Wata rana da hantsi Effie na ba ta miya, ta tura cokalin.

"Mama... gishiri ya yi yawa."

Effie ta toshe bakinta da hannu, ta yi kuka ba sauti. Da yamma ta tari ɗanta a bakin ruwa. "Matarka ta zagi girkina! Ka riƙe ta da kyau, ka ji ko? In ka sake ta, ni da kai ne."

Har yau likitocin suna nema, Trina kuma ba ta warke ba. Amma tana zama a kujera, mijinta a gefe, surukarta na gadin ƙofa.

Ku yara, in wanda kuke so ya ce yana ciwo, ku yarda da shi ko da idonku bai gani ba. Leander ya yarda, ya yi haƙuri, ya tsira da matarsa da uwarsa duka.