Littafi Mai Tabon Manja

Ranar da Ni'ima ta fara ganin Hafizu, ba miji ta fito nema ba, laifi ta fito nema. Haka dai malaman makaranta suke kiran aikinta, ita kuma ta gaji da yi musu musu.

Aikin mai sauƙin faɗa ne. Wasu masu ba da tallafi daga ƙasashen waje sun buga littattafan koyon karatu domin 'yan aji ɗaya da aji biyu, suka damƙa wa wata ƙungiya rabon su a makarantun firamare. Da yake ba sa son a riƙa ba su labari mai daɗi kawai, sai suka ɗauki wani ƙaramin ofis mai zaman kansa a GRA, ya riƙa shiga makarantun ba sanarwa yana duba ko abin da ke takarda shi ne a ƙasa. Ni'ima tana cikin masu zagayen.

Da hantsi ta sauka daga keke-napep a bakin wata firamare a Gwallaga. Muryar yara ce ta ja ta zuwa tagar aji biyu. Wani dogon saurayi ta gani, alli ya ɓata masa hannun riga, yana ɗaga haruffan da ya yanka daga kwalin taliya, yara suna haɗa su da ƙarfi. Ya juyo, suka haɗa ido, harafin da ke hannunsa ya suɓuce ya faɗi. Yaran suka kwashe da dariya.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce, tana danne tata dariyar. "Ina littattafan yaran?"

Fara'arsa ta ragu. "Gara ki tambayi Hedimasta."

Hedimasta Malam Bakari dattijo ne mai tsabta, saura wata bakwai ya yi ritaya. Da ya ji abin da ya kawo ta, fuskarsa ta cika da murna. Ya zaro makulli daga aljihu ya kai ta sito. Ga kwalaye nan a jere a kan bulo don kada gara ta taɓa su, ga warin kafur, ga littattafan a cikin ledarsu kamar jiya aka sauke su.

"Wata takwas da kawo su, ko shafi ɗaya bai yage ba," in ji shi. "Rubuta, 'yata. Duk Bauchi ba wanda ya adana su kamar ni."

Ni'ima ta buɗe fom ɗin bincikenta. Tambayar da ke fuskar kwamfutar hannunta gajeriya ce: shin littattafan suna hannun yara? Amsa biyu kawai aka tanada. Ta ɗauki hoton siton, ta danna a'a, tana jin tausayin tsohon har cikin ranta.

"Hafizu," ya ƙwala wa malamin aji biyu kira, "raka baƙuwa bakin titi. Ɗana ne, shi kaɗai ya gaje ni."

Kwana biyu bayan haka saƙo ya shigo wayarta.

"Assalamu alaikum. Malamin da kika sa ya yar da harafi ne. A littafin baƙi na ɗauki lambarki, idan laifi ne ki ƙara shi a rahotonki."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa. "Wa alaikumus salam. Babu gurbin wannan laifin a fom ɗina, don haka ka tsira."

"Ban tsira ba, 'Yar Bincike. Tun ranar yara suke tambayata yaushe za ki dawo, ni kuma na fi su son jin amsar."

Daga nan sai Hafizu ya koyi hanyar Ƙofar Ran, unguwar su Ni'ima. Kullum bayan la'asar yana zauren gidansu, ya wanke hannu amma alli na nan a gefen farce. Ita tana ce masa Malamina, shi yana ce mata 'Yar Bincike, in kuma zancen ya yi daɗi ya ce Sanyin Idona. Son shi ya shige ta da sauri har abin ya ba ta tsoro, don ta san abin da ta danna a siton mahaifinsa.

Ba ta ɓoye wa shugabarta ba. Madam Comfort ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta cire tabarau.

"Daga yau ba ke ba wannan makaranta, wani zai riƙa zuwa," ta ce. "Amma abin da idonki ya riga ya gani, ke za ki rubuta shi, ni zan duba. Kuma kin san doka: ba wanda zai ji abin da ke cikin rahoto kafin ranar taro. Ko Malamin naki."

Akwai kuma Fakhruddeen, jami'in ƙungiyar da ya raba littattafan. Shekara guda yana bin Ni'ima, ita tana zillewa, Ummanta kuwa tun ranar da ta ga motarsa ta ba shi kyautar 'yar a zuciyarta. Ya tare ta a bakin ofis, turare yana tashi.

"Na ji kin leƙa sitoci," ya ce yana murmushi. "Ki rubuta gaskiya mana: mu mun kai kaya, tsofaffin hedimastoci ne suka kulle. A sauke biyu ko uku, sauran za su shiga hankalinsu."

"Abin da na gani zan rubuta."

"Shi na ce ai."

Ta wuce ta shige ofis. Wannan bai dame ta ba kamar abin da ya biyo baya da yamma, don Hafizu ya zo, ya zauna, ya kasa taɓa zoɓon da ta kawo masa.

"Sanyin Idona, abu ɗaya zan roƙe ki, ban taɓa roƙon ki komai ba," ya ce, kansa a ƙasa. "Ki ce an raba littattafan. Wallahi zan shawo kansa a raba su."

"Hafizu."

"Ki bari in gama. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce an kawo wasu littattafai, Baba ya ba yara, suka yayyage kamar yadda littafi ke yi a hannun yaro. Aka ba shi takardar tuhuma, aka tura shi ƙauye shekara uku, ya dawo da furfura. Tun daga nan ba ya yarda a buɗe kwali. Wata bakwai ya rage masa. Ki bar shi ya fita da mutuncinsa."

Hawaye ya cika mata ido, amma ta yi ta maza. "Yara saba'in ne a ajinka suna koyon karatu da kwalin taliya, littafinsu yana bayan bango. In na ce an raba, ba wanda zai sake tambaya. Ba zan iya ba, Malamina."

"Ko don ni?"

"Ko don kai."

Ya miƙe ya sa takalmi, bai yi mata sallama ba.

Kwana uku ta yi tana kuka a ɓoye tana kallon waya. A na huɗu ta tashi da wata tambaya da babu ita a fom. Idan tsoro ne ya kulle siton Malam Bakari, me ya kulle sauran? Cikin makarantu arba'in da ofishinsu ya duba, ashirin da bakwai haka aka same su. Ta nemi izinin Madam Comfort, ta koma bin makarantun ɗaya bayan ɗaya a keke, rana tana dukanta, tana tambayar kowane hedimasta dalili. Da farko sukan kauce wa tambayar. Sai wata hedimasta mace a bayan kasuwa ta jawo durowa ta miƙo mata takardar da ta sa wa hannu ranar karɓar kaya, ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. Ni'ima ta karanta, ta nemi kujera ta zauna.

Shi kuwa Fakhruddeen bai zauna ba. Da ya ji tana neman takardun karɓar kaya, sai ya tuƙa motarsa har Gwallaga ya gaida Malam Bakari, ya shaida masa cikin jimami cewa yarinyar nan ta nemi a sauke shi. Ya ƙara da cewa shi dai yana ƙoƙarin lallashin ta, tun da manyansa sun kusa zuwa gidan su Ni'ima neman aurenta.

Saƙon Hafizu ya same ta a cikin keke.

"Ashe ba rubutawa kawai kika yi ba, sauke shi kika nema. Baba ya ce muddin yana raye ba zai taka gidanku nema min aurenki ba. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da mai mota."

Ta rubuta amsa doguwa, duk gaskiyar tana ciki. Ta dube ta, ta tuna maganar Madam Comfort, ta goge.

"Ba ni da izinin faɗa maka abin da ke ciki. Ka zo taro ranar Laraba, ka kawo Baba. Ni taka ce, ko ka yarda ko ba ka yarda ba."



Ranar Laraba ɗakin taron ya cika da hedimastoci da jami'an ilimi, wakiliyar masu tallafi tana kallo ta allon bango daga ƙasarsu. Ni'ima ta hango Malam Bakari a layi na uku cikin farar riga, Hafizu a gefensa ya sha kunu. Madam Comfort ta miƙa mata abin magana. Hoton farko da ya bayyana a bango na sito ne. Ba a sa sunan makaranta ba, amma mutum ba ya kasa gane bulon da ya jera da hannunsa. Ɗakin ya ɗauki gunaguni. Malam Bakari ya dafa kujera ya miƙe zai fita.

"Wannan shi ne sito mafi tsabta da na gani," Ni'ima ta ce. "Littafi ko ɗaya bai ɓata ba, kuma ko ɗaya bai kai hannun yaro ba. Duka biyun gaskiya ne. Mai wannan sito ba ɓarawo ba ne, ba malalaci ba ne. Abin da aka sa shi ya sa wa hannu, shi ya bi."

Tsohon ya tsaya a tsakiyar hanya.

Ta sauya hoto, takardar ta fito, ta karanta layin ƙarshe da ƙarfi: duk littafin da ya yage ko ya ɓata, alhakinsa yana kan hedimasta. "Ina roƙon iyayena hedimastoci, duk wanda ya sa hannu a irin wannan takarda ya ɗaga hannu."

Hedimastar nan ta bayan kasuwa ce ta fara, sai hannuwa suka yi ta tashi har ɗakin ya koma kamar aji. Wakiliyar ta tambayi wanda ya tsara takardar. Fakhruddeen ya gyara zama, ya ce tsohon fom ne suka tarar suka kwafa, ba su lura da layin ba.

"Shawarar ofishinmu uku ce," Ni'ima ta ci gaba. "A janye takardar. A rubuta wa kowace makaranta cewa littafin da ya tsufa a hannun yaro ba laifi ba ne. Kuma kada a sauke kowa."

Bayan an tashi ta tarar da Malam Bakari a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Me ya hana ki faɗa min tun ranar a sito?" ya tambaya.

"Ba ni da izini, Baba. Kuma na ga yadda kake murna, bakina ya yi nauyi."

Ya girgiza kai. "Wata takwas na hana yara karatu, ina ganin abin kirki nake yi." Ya juya ya tafi, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Kafin ta isa gida saƙon Hafizu ya riga ta. "Na roƙe ki ki yi ƙarya, kika ƙi, sannan na yarda da ƙaryar wani a kanki. Kunya ta hana ni tsayawa. Ki yafe min, Sanyin Idona."

"Na yafe tun kafin ka roƙa, Malamina. Baba fa?"

"Bai ce komai ba."

Haka ta zauna cikin zullumi har mako shida. Fakhruddeen ya daina biyowa ta layinsu, Umma ta yi mitar motar har ta gaji ta haƙura. Hafizu yana zuwa, amma da ta ambaci Baba sai ya girgiza kai.

Wata Asabar da safe aka yi sallama a ƙofar gida, aka ce baƙi ne daga Gwallaga wajen maigida. Ni'ima tana ɗaki ta kasa zaune ta kasa tsaye. Can sai ga Umma ta shigo da wani ƙunshi a takarda, ta ce dattijon ne ya ce a ba ta hannu da hannu.

Ta buɗe. Littafin karatu ne na aji biyu, bangonsa ya rabu an ɗinke shi da baƙin zare, gefen shafukan ya nannaɗe, ga tabon manja na ɗan yatsa a shafin farko, ga suna an rubuta da fensir a karkace: Salma. A ciki akwai 'yar takarda da rubutun tsofaffin malamai.

"'Yata, ga nawa rahoton. Babu abin da ya rage a sito sai kafur. Na zo da kaina nema wa Hafizu aurenki, in za ki karɓe mu."

Ta rungume littafin ta fashe da kukan daɗi, Umma tana ce mata ta yi a hankali kada baƙi su ji.

An ɗaura auren mako biyu bayan ritayar Malam Bakari, hedimastoci suka cika layin har ba wurin ajiye babur. Da aka kai amarya gaban surukinta, ya sa musu albarka ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya masu karatu, masu yaga littafi." Hafizu ya sunkuyar da kai yana dariya, Ni'ima ta amsa da amin daga cikin mayafi, duk ɗakin ya amsa tare da ita.